Fadar Udaipur da Tafkin Pichola: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Ziyara

Mutanenmu da dama na zuwa Indiya, wasu neman magani, wasu karatu, wasu fatauci, kuma galibi iyakarsu Delhi ko Mumbai, daga asibiti zuwa masauki, daga kasuwa zuwa filin jirgi. Duk wanda Allah Ya hore masa kwana biyu ko uku na sarari, akwai birnin da ya cancanci ya leƙa a kudancin jihar Rajasthan, sunansa Udaipur. Ga tambayoyin da aka fi yi game da fadar sarakunan wannan birni, da gidan tarihin da ke cikinta, da tafkin da take bakinsa.

Farar fadar nan da ake gani a tsakiyar ruwa a hotuna, ita ce ake shiga?

A'a, kuma gara a san wannan tun daga gida. Gine-ginen sarauta uku ne a Tafkin Pichola, mutane kan haɗa su wuri guda.

Farar da ke tsakiyar ruwa sunanta Jag Niwas, Turawa na ce mata Lake Palace. Maharana Jagat Singh na II ne ya gina ta tsakanin 1743 da 1746 domin hutun lokacin zafi, ta cinye ɗan tsibirin da take kai ƙaf, shi ya sa daga nesa sai ka rantse yawo take a kan ruwa. An mayar da ita otal tun shekarun 1960, kamfanin Taj ya karɓi tafiyar da ita a 1971. Yau ba ka sa ƙafa a cikinta sai in ka kama ɗaki, kuɗin ɗakin kuwa ba na kowa da kowa ba ne.

Ta biyu ita ce Jag Mandir, wani tsibiri can kudu da ita, wanda kwale-kwale ke kai baƙi su sauka. Ta uku kuma, wadda ita ce uwar gayya, ita ce babbar fadar da ke kan tudu a gaɓar gabas ta tafkin, wadda ake kira City Palace. A nan sarakunan Mewar suka zauna suka yi mulki, a nan gidan tarihin yake. Wanda ya yi fushi don an hana shi shiga farar fadar bai san inda dukiyar take ba. Kyan Jag Niwas daga waje yake, abin gani da ilimi kuwa yana gaɓa.

Su wane ne suka gina ta, kuma me ya kawo su nan?

Sarakunan Mewar ne, daga zuriyar Sisodia ta ƙabilar Rajput, sarautarsu kuma Maharana ake ce mata. Asalin babban birninsu Chittor ne, wani gari mai ganuwa a kan dutse wanda mayaƙa suka sha kewayewa. Maharana Udai Singh na II ya hango cewa ba za a iya ci gaba da kare Chittor ba, sai a 1559 ya kafa sabon gari a wani kwari da duwatsun Aravalli suka zagaye, ya sa masa sunansa. Hasashensa bai faɗi ƙasa ba: a 1568 Sarki Akbar na daular Mugal ta Musulmi ya ci Chittor da yaƙi, Udaipur ta zama gidan sarauta.

Tafkin ya girmi garin. Ba halittaccen tafki ba ne, tare ruwa aka yi tun ƙarni na 14, Udai Singh ya zo ya ƙarfafa madatsar ya faɗaɗa shi. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4, faɗinsa wajen 3, ba shi kuma da zurfi sosai.

Abin da ya kamata mai ziyara ya riƙe a ransa shi ne, fadar ba gini ɗaya ba ce da wani sarki ya zana ya kammala. Kusan shekara 400 ana ɗora mata. Kowane Maharana ya zo sai ya ƙara nasa soro, ko farfajiya, ko ɗakin madubai, bisa abin da zamaninsa ke yayi. Daga waje za ka ga doguwar katanga guda, tsawonta mita 244, tsayinta ya haura mita 30, sama duk ƙubbobi da barandoji. Kana shiga sai ka tarar fadoji ne a cikin fada, wata a kan wata, ginin Rajput ya cuɗe da salon Mugal, can gaba kuma kayan Turai sun shigo. In ka san haka, kowane lungu da ka ratsa zai gaya maka shekarunsa. In ba ka sani ba, ɗakuna ne kawai masu ƙyalli, kafin ka kai rabi ka gaji.

Yaya tsarin zagayen yake?

Daga cikin tsohon gari ana shiga ta ƙofar Badi Pol, a wuce zuwa Tripolia, ƙofa mai baki uku. Tsakanin ƙofofin nan biyu akwai wasu bakuna na marmara inda a da ake ɗora sarki a ma'auni, a auna nauyinsa da zinariya ko azurfa a raba wa jama'a. Daga nan sai Manek Chowk, babban filin fada inda ake taron bukukuwa, a da har karon giwaye ake yi sarki na kallo daga sama.

Gidan tarihin kashi biyu ne: Mardana Mahal, ɓangaren maza inda ake zaman fada, da Zenana Mahal, ɓangaren matan sarki. Wanda ya san Gidan Rumfa a Kano, da yadda sorayen da sarki ke ganawa da jama'a suke dabam da cikin gida inda baƙo namiji ba ya wucewa, ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba.

Hanya ɗaya ce ake bi, an sa alamu, ba a komawa baya. Ƙofofin gajeru ne, lungunan matsattsu, matakalar kuma a miƙe take. Da gangan aka yi su haka, don in maƙiyi ya kutso dole ya sunkuya, dole kuma su shigo ɗaya bayan ɗaya. Dogon mutum ya kula da goshinsa.

Waɗanne wurare ne bai kamata a wuce su da sauri ba?

Rai Angan tukuna, farfajiyar da ta fi ko'ina tsufa. Mutanen Mewar na ba da labarin cewa a nan Udai Singh ya gamu da wani mai zuhudu na addininsu zaune gaban wuta, wanda ya ba shi shawarar ya kafa fadarsa a wurin. Har yau murhun na nan, kuma zuriyar na girmama shi matuƙa.

Kusa da nan ne ɗakunan makamai da kayan Maharana Pratap, ɗan Udai Singh, wanda shi ne gwarzon da duk Rajasthan ke alfahari da shi. Ya ƙi miƙa wuya ga Akbar, aka gwabza a Haldighati a 1576. Za ka ga sulke da kwalkwali da takubba da masu, da siffar dokinsa Chetak an sa masa lifidi mai hancin giwa a fuska. Bayanin da ake yi shi ne, dabara ce don giwayen yaƙi su ɗauka ɗan giwa ne su ƙi taka shi. Wani abu da masu ja-gora ba kasafai suke tsayawa a kai ba, ni kuwa ina ganin ya fi lifidin muhimmanci: wanda ya jagoranci rundunar Akbar a ranar, Man Singh na Amber, mabiyin addinin Hindu ne ɗan Rajput, sahun gaba na rundunar Pratap kuma wani Musulmi ne ɗan asalin Afganistan ya riƙe shi, Hakim Khan Sur. Yaƙin mulki ne da 'yancin ƙasa. Duk wanda ya ba ka shi a matsayin Musulmi gefe guda Hindu gefe guda ya rage maka labari.

Sai Badi Mahal, wanda Amar Singh na II ya gina wajen ƙarshen ƙarni na 17. Bayan ka yi ta hawan bene har numfashi ya fara sama-sama, sai ka ɓullo cikin wani lambu mai manyan itatuwa da kwarmin ruwa a tsakiya, ginshiƙan marmara sun kewaye shi. Mutum ya tsaya yana mamakin yadda itace ya tsiro a saman bene. Sirrin shi ne ba bene ba ne, ƙoƙuwar dutsen ce kanta, magina suka gina fadar suka zagaye ta. A nan ya kamata a zauna a huta, iska na ratsawa ko da rana tsaka.

Akwai ɗakunan madubai da gilasai masu launi, irin su Sheesh Mahal da Moti Mahal, akwai Chini Chitrashala da aka manne da tayil shuɗi da fari daga Sin da Holan. Mor Chowk kuwa, farfajiyar ɗawisu, ita ce kowa ke ɗaukar hoto: siffofin ɗawisu ne da aka haɗa da dubban ɓarɓashin gilashi kore da shuɗi da ruwan zinariya a zamanin Maharana Sajjan Singh, ƙarshen ƙarni na 19. Tana da kyau ƙwarai, amma cunkoson da ke wurin ba ya barin ka ka daɗe.

Abin da na fi so a ba lokaci shi ne zane-zanen Mewar. Masu zanen fada sun riƙa zana bukukuwa da farauta da zaman fada, mutane ɗaruruwa a takarda guda, kowa da rawaninsa da matsayinsa. Sau da yawa za ka ga sarki ya fito wuri uku ko huɗu a zane ɗaya, domin mai zanen labari yake bayarwa daga farko zuwa ƙarshe. In ka duba da kyau za ka gane farfajiyar da ka baro yanzun nan a cikin zanen, cike da mutanen da suka rayu shekara 250 da suka wuce. Yawancin baƙi kallo ɗaya suke yi musu su wuce, alhali a nan ne fadar ke da rai.

Kar kuma a raina ɗakunan Maharana Bhupal Singh, wanda ya hau gado a 1930 ya rasu a 1955. Tun yana matashi ciwo ya nakasa masa ƙafafu, a kan keke ya yi mulki. Kekensa na nan, da na'urar hawa bene da aka sa masa. Shi ne sarkin da ya shigar da Mewar cikin tarayyar Indiya bayan samun 'yancin kai a 1947.

A ɓangaren mata an baje kayan azurfa, kayan kiɗa, tufafi, sirdin giwa, kujerun da ake ɗaukar sarakai a kafaɗa, da tsofaffin hotuna.

Ɗakin kiristal fa, ya cancanci ƙarin kuɗin?

Yana cikin Fateh Prakash, wani reshe na fadar, tikitinsa dabam, kuma ba a ɗaukar hoto. A 1877 Sajjan Singh ya yi odar kaya daga kamfanin F. & C. Osler na Birmingham a Ingila: kujeru, tebura, kwanuka, har da gado, duk na gilashin kiristal. Ya rasu a 1884 bai more su ba, akwatunan suka zauna a rufe shekara 110 kafin a buɗe a baje su. Daga barandar ɗakin ana hango Durbar Hall a ƙasa da manyan fitilunsa, zauren da Lord Minto, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, ya aza harsashinsa a 1909.

Mai isasshen lokaci da kuɗi ya shiga. Wanda zai zaɓi ɗaya tsakanin wannan da hawan kwale-kwale, ya hau kwale-kwale.

To kwale-kwalen, ina yake kai mutum?

Yana tashi daga matsayar da ke cikin harabar fadar, ya bi ta gaban matakalan wanka na tsohon gari, ya gitta kusa da Jag Niwas, ya sauke ku a Jag Mandir. Ana ba kowa rigar kariya daga nutsewa, a sa ta. Kuɗin yamma ya fi na safe, dalilin kuwa a fili yake: lokacin da rana ta yi gora, haskenta na dukan fuskar fadar kai tsaye, sai a ga girmanta gaba ɗaya, abin da ba a iya gani daga ciki.

Jag Mandir na da jerin giwayen dutse a bakin shiga, da wani gini mai ƙubba, Gol Mahal, wanda ke da tarihi mai daɗi. A 1615 Amar Singh na I, ɗan Pratap, ya yi sulhu da Mugal bayan dogon yaƙi, wanda ya tsaya a madadin Sarki Jahangir kuwa ɗansa ne, Yarima Khurram. Sulhun bai wulaƙanta Mewar ba, ba a tilasta wa Maharana zuwa gaisuwa fadar Mugal da kansa ba, magajinsa Karan Singh ne ya je. Bayan 'yan shekaru Khurram ya yi wa mahaifinsa tawaye, ya rasa wurin fakewa, a 1623 Karan Singh, wanda lokacin ya zama sarki, ya ɓoye shi a wannan tsibiri. Khurram ɗin nan shi ne ya zama Shah Jahan, mai ginin Taj Mahal. Masu ja-gora za su ce maka a nan ya samo tunanin Taj Mahal. Wannan zancen baka ne, a saurare shi a matsayin haka. Mafakar dai ta tabbata, kamar yadda aka sake ɓoye iyalan Turawa a tsibirin lokacin boren da Indiyawa suka yi wa Turawan mulki a 1857.

Har yanzu akwai sarki a ciki?

A dokar Indiya babu. A 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke matsayin tsofaffin sarakuna da kuɗin da ake biyansu duk shekara. Fadoji da yawa a ƙasar sun lalace bayan haka, don ba mai iya riƙe su. Maharana Bhagwat Singh ya riga ya hango abin da ke tafe: ya mayar da Jag Niwas otal, a 1969 kuma ya kafa gidauniyar Maharana of Mewar Charitable Foundation ya danƙa mata babban ɓangaren fadar a matsayin gidan tarihi. Kuɗin tikitin da za ka biya yana cikin abin da ke gyara rufi da adana zanen nan. Wasu na ganin abin kunya ne gidan sarauta ya koma sayar da tikiti. Ni ina ganin wanda ya buɗe ƙofarsa don gidan kakanninsa ya tsaya ya fi wanda ya rufe ta har ginin ya rufta.

Zuriyar na zaune a wani ɓangaren da baƙi ba sa shiga. Tun rasuwar Bhagwat Singh a 1984 akwai saɓani a kan gado tsakanin rassan gidan, har ya kai ga hatsaniya a ƙofar fada a Nuwamba 2024. Magana ce ta cikin gidansu, baƙo ba shi da ta cewa a ciki.

Musulmi zai samu matsala da sallah, abinci, ko gumaka?

Fadar ta sarakunan Hindu ce, kuma ba su ɓoye ba. Suna ɗaukar kansu wakilan abin bautarsu Eklingji, suna danganta asalinsu da rana, shi ya sa za ka ga fuskar rana ta zinariya mai gashin baki a bango. A ƙofar shiga gidan tarihin akwai gunkin Ganesh. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka taɓa wani abu, wucewa kawai za ka yi. Haikalin Jagdish da aka gina a 1651 yana 'yan taku kaɗan daga Badi Pol, wurin ibada ne mai aiki, shigarsa ba ta cikin zagayen. In an miƙo maka abin da aka yi wa addu'arsu, ka ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya ka wuce, ba mai jin haushi. Kai ma ka kiyaye bakinka a kan abin da suke girmamawa, kana gidansu ne.

Akwai Musulmi da yawa a Udaipur, ciki har da al'ummar Bohra 'yan kasuwa, masallatai kuma ba su da wuyar samu. Paltan Masjid da ke kusa da shataletalen Chetak sananne ne, kowane direba ya san shi. A tuna alƙibla a can yamma take, mu da muka saba fuskantar gabas sai mun kula. Daga fadar, in ka fuskanci tafki ka fuskanci alƙibla. Agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi.

Abinci ya zo da sauƙi ta wata fuska, domin gidajen abinci da yawa ba sa dafa nama sam. Kayan da ke cikin leda ko kwali masu koren ɗigo a cikin murabba'i ba nama a cikinsu. A gwada dal baati churma, curin alkama da aka gasa ake ci da miyar wake da man shanu. Nama kuwa sai an tambaya, don ba duk yanka ne na Musulmi ba. Mai son nama ya nemi gidajen abincin Musulmi a kusa da masallatai.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma awa nawa za a ware?

Daga Oktoba zuwa Maris. Disamba da Janairu akwai sanyi da dare, a tafi da rigar sanyi. Afrilu zuwa Yuni zafi na kaiwa digiri 40. Damina na sauka daga Yuli zuwa Satumba, duwatsu su yi kore shar, tafki ya cika. Cikar tafkin ta dogara ga ruwan sama, a shekarun fari ya sha janyewa har a taka ƙasa zuwa tsibiran, don haka wanda ya je ƙarshen rani bayan damina mara ƙarfi zai iya tarar da ruwa ya yi ƙasa.

Gidan tarihin na buɗewa wajen ƙarfe tara na safe. Ka kasance cikin na farko, domin daga sha ɗaya motocin 'yan yawon buɗe ido ke sauke jama'a, lungunan nan kuma ba sa ɗaukar taro. Lokacin Diwali, babban bikin fitilu na Hindu, da ƙarshen Disamba cunkoson ya fi tsanani. Ka ware awa uku ga gidan tarihin, ka fita ka ci abinci ka yi sallah, ka dawo wa kwale-kwale bayan la'asar.

Sai an ɗauki ɗan ja-gora?

Ba dole ba ne, amma yana da amfani. A ɗauki mai katin shaida a wurin sayar da tikiti, a yi ciniki kafin a fara, akwai kuma na'urar saurare ta haya da Turanci. In ya ce daga ƙarshe zai kai ka makarantar zane ta ɗan'uwansa, ka sani kanti ne kuma yana da kaso a cinikin. Ba laifi ka je ka ga yadda ake zanen, amma ba wanda ya wajabta maka saye.

Tsofaffi, yara da marasa lafiya fa?

Nan sai an yi wa kai gaskiya. Wanda aka yi wa aikin gwiwa, ƙugu ko zuciya kwanan nan kar ya shiga cikakken zagayen sai likitansa ya yarda, matakalar na da yawa kuma in an shiga ba a juyawa cikin sauƙi. Zai iya zama a Manek Chowk, ya ga ɓangarorin ƙasa, ya hau kwale-kwale, ba a ce ya yi asarar zuwa ba. Ƙaramin yaro goyo ya fi masa keken turawa. A sa takalmi mara santsi, a riƙe ruwan gora.

Ta yaya ake zuwa?

Sai da bizar Indiya, wadda ake nema ta ofishin jakadancinsu a Abuja ko Legas, ko Yamai ga mutanen Nijar. Kar a manta katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a filin jirginsu ga masu zuwa daga ƙasashenmu. Yawanci ana bi ta Addis Ababa ko Doha a sauka Delhi ko Mumbai. Wanda ya je da bizar jinya ya tambayi asibitinsa kafin ya yi nisa da garin da aka yi masa rajista.

Daga Delhi ko Mumbai jirgin sama bai kai awa biyu ba zuwa filin jirgin Maharana Pratap, wanda ke wajen kilomita 22 gabas da gari. Mai son rage kuɗi ya hau jirgin ƙasa na Mewar Express daga tashar Hazrat Nizamuddin a Delhi, ya kwana a hanya ya wayi gari a Udaipur, amma a sayi tikiti da wuri don kujeru na ƙarewa. Daga Ahmedabad kuma tafiyar mota ce ta kusan kilomita 260.

A cikin tsohon gari titunan sun matse, mota ba ta da amfani, adaidaita-sahu ce abin hawa. A yi ciniki kafin a hau, a riƙe ƙananan takardun rupi, don direbobi ba sa cika samun canji. Wanda ya kama masauki a unguwar Lal Ghat ko Gangaur Ghat da ƙafa zai taka zuwa Badi Pol cikin 'yan mintuna.